Larai da Labarin da Ya Ƙi Zama

Yabo ya tabbata ga Wanda ba Ya gyangyaɗi, ba Ya mantuwa, Wanda Ya san adadin yashin kogi da sunan duk wanda ruwa ya ci. Bayan haka, ku ara mini kunnuwanku, ya ku masu sauraro. Ni ne Shekarau ɗan Cindo, masassaƙin kwale-kwale, mutumin Dunguzai da ke gaɓar Kogin Farin Yashi, can gefen duniya inda sama ke sunkuyowa ta sha ruwa. Na taka dajin da ke haɗiye hanya, na zauna birnin da aka haramta barci, na ga abin da ke cikin kan ɗan Adam da idona. Na fita da baƙin gemu, na dawo da fari. Abin da na je nema ban samo ba, abin da na samo kuwa, da ma ban san shi ba.

Ina da mata, Larai, da 'ya guda, Yalwa, mai shekara shida. Da yake 'yar fari ce, Larai ba ta kama sunanta, sai dai ta ce "yarinyar nan". Wata ranar kasuwa da hantsi muna haye kogi mu uku, sai dorina ta taso ta ƙarƙashinmu ta kife jirgin. Na nitse sau uku. A na ukun na kamo gashin Larai na jawo ta gaɓa, leɓɓanta sun yi baƙi, ba numfashi. Masunta suka yi ta danna mata ƙirji har ta amayar da ruwa. Yalwa kuwa sai bayan kwana biyu kogi ya maido mana da ita.

Larai ta farfaɗo a rana ta huɗu. Ta gane ni, ta gane yayata Delu da ta zo jinya, ta tuna ranar aurenmu har da akuyar da ta tsinke ta kutsa cikin masu guɗa. Muka yi hamdala. Sai ta waiga ta ce, "Maigida, ina yarinyar nan?"

Na gaya mata. Ta faɗi, ta yi birgima, ta yi kukan da ban taɓa jin irinsa ba. Aka riƙe ta har ta lafa. Kafin ruwan da Yaya Delu ta ɗora a murhu ya tafasa, sai na ga ta share fuska, ta dubi zanenta, ta ce, "Me ya jiƙa ni haka? Maigida, ina yarinyar nan? Rana ta take, ba ta ci komai ba."

Haka muka shiga. Duk abin da ya faru kafin kogi yana nan daram a kanta, duk abin da ya biyo baya ba ya kwana, ba ya ma wuni.

"Don Allah, Shekarau, ka ce yarinya ta tafi gidan gwaggonta mana," in ji Yaya Delu. "Kullum sai ka yanka baiwar Allahn nan?"

"Yaya, uwa ce. Ba zan zuba ido tana tuƙa wa mamaciya tuwo ba. In na yi ta faɗa, wata rana zai zauna, ta yi kukanta sau ɗaya ta huta kamar kowa."

Shekara guda cur ina faɗa, wata rana sau uku, wata rana sau bakwai, ban yarda wani ya ɗauke mini ba. Bai zauna ba. A ƙarshe na je wurin Barmo, tsohon wanzamin garinmu. Ya ce, "Rumbun matarka lafiyarsa lau, tsohon hatsi na ciki. Ƙofar da ake zuba sabo ce ta toshe, ni kuwa ban san inda take ba. Amma a Tsibirin Zuma, bayan Dajin Gamba da Birnin Idobiyu, akwai wata mata, Tasalla, wadda ke buɗe kawunan matattu tana karanta su. In ita ba ta sani ba, ka haƙura."

Na bar Larai a hannun Yaya Delu, na rataya gizagona na sassaƙa. Ban yi mata sallama ba, don na san sallamar ba za ta zauna ba.

Bayan wata biyar na isa Dajin Gamba. Ciyawarsa ta fi raƙumi tsawo, kuma ba ta jin wuƙa, ba ta jin wuta: in ka sare ta da safe, kafin la'asar ta miƙe. Abu ɗaya ne ke kwantar da ita, tafin ƙafar mutum. Mutanen dajin, Takawa, ba su da hanya sai wadda ake takawa kullum, hanyar da ta kwana uku ba a bi ba kuwa ta tafi ke nan. Saboda haka duk baƙon da ya faɗo hannunsu sai su ɗaura masa ƙararrawa a ƙugu, su sa shi cikin masu taka hanya. Haka suka yi mini. Daga gari zuwa rijiya, daga rijiya zuwa gari, har na manta yadda ake zama.

A shekara ta biyu, ranar da Takawa ke bikin girbi, na ɓalle. Na ji motsin rafi ta gabas, na kutsa cikin gamba ina zuwa ina dawowa, ina turmushe ta, wai in buɗe hanya a wuni ɗaya. Ƙarfina ya ƙare ban kai ba. Washegari na duba, ko alamar sawuna babu. Suka yi mini bulala arba'in, suka karya mini ƙafar hagu, ɗingishin da kuke gani ke nan.

Wanda ya ɗora mini karayar wani tsoho ne a cikinmu, Nomau, wanda ya shekara ashirin yana taka hanya. Ya ce, "Ɗana, gaggawa ce ta cuce ka. Gamba ba ta jin duka ɗari a rana guda. Taku goma yau, ka bar ta ta kwana, ka maimaita su gobe ka ƙara ɗaya. Kan mutum ma haka yake. Abin da ka bi sau da yawa, a ranaku da yawa, shi ke zama turba."

"Baba, na bi labari guda a cikin kan matata fiye da sau dubu, bai zama turba ba."

Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "To, wannan ya fi ƙarfin sanina."

Da na warke, kullum in na ratse don kama ruwa sai in toshe ƙararrawata da ganye, in bi wuri ɗaya, in ƙara taku ɗaya. Shekara biyu na yi kafin ƙafata ta taɓa ruwan rafin. Na koma na ce wa Nomau ya zo mu tafi. Ya girgiza kai. "In je ina? Na daina tunanin gida don ya daina yi mini ciwo. Yanzu ko sunan unguwarmu na lalubo ba na samu. Gamba ta cinye ta ciki ma. Tafi abinka."

Na bi rafi wata uku har ya kai ni Birnin Idobiyu, inda rana ba ta faɗuwa, sai dai ta yi ta kewaya gefen sama kamar shaho. Yashi ne ke cin birnin daga arewa, sarkinsu kuwa ya rantse sai ya gina ganuwar da za ta tare shi. Don kada aiki ya tsaya ya haramta barci, ya sa ana raba wani jan goro wanda in ka tauna, ido ba ya rufuwa sai ɗan gyangyaɗi a tsaye. Mai shiga birnin ba ya fita sai an gama ganuwa. Aka ba ni kwando da goro, aka tura ni ɗaukar laka.

Mutanen suna da kirki, amma abin tausayi ne. Kowa yana iya ba ka labarin zamanin tsohon sarki tiryan-tiryan, amma tambaye shi wa ya haihu a makon jiya, sai ya kama sosa ƙeya. Magina kan gina wuri, su dawo su rushe shi don sun manta dalilin da ya sa suka bar ƙofa a nan. Ni kaina na soma zama kamarsu. Akwai waƙar da masu kwando ke yi, baiti goma sha biyu kacal, na yi wata shida ina jin ta ban riƙe uku ba.

Wata rana jiri ya ɗebe ni na faɗa wani tsohon ramin ajiyar hatsi. Goron ya fita daga bakina, ba wanda ya gan ni, na yi barcin da ban san tsawonsa ba. Da na farka sai na ji bakina yana rera waƙar nan daga farko har ƙarshe, ba tuntuɓe. Sunayen abokan aikina duk suka dawo. A nan na gane barci ba hutu kaɗai ba ne, shi ne ɗan dakon da ke kwashe kayan yini ya kai ciki. Na zauna a ramin na yi kuka, domin Larai tana barci kamar kowa, amma kayanta ba sa isa.

Daga ranar na riƙa ɓoye goron a kunci ina tofarwa, ina satar barci a ramin, har na zama ni kaɗai ne a birnin nake da jiya. Na lura da mai tsaron ƙofar teku, wani barde mai girman kai da ake kira Gojo, wanda bai taɓa yarda ya ce ya manta abu ba. Na je na durƙusa a gabansa cikin mutane na ce, "Ranka ya daɗe, ga ni na dawo kamar yadda ka umarta jiya."

Ya ɗaure fuska. "Na umarta?"

"Ka ce in zo da gizagona ka buɗe mini, in saro itacen gyaran ƙyauren nan. Har ka ce kai ba irin waɗannan ba ne da magana ke zube musu."

Ya dubi mutanensa, suka dube shi. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ina sane sarai. Me ya sa ka makara? Ku buɗe masa!"

A bakin teku na sami kututturen maɗaci, na sassaƙa jirgi, na yi kwana arba'in a kan ruwa kafin in hango Tsibirin Zuma.

Tasalla doguwar tsohuwa ce mai ido ɗaya, ba ta son dogon gaishe-gaishe. Ta sa na ba ta labarina tun daga kogi, tana rubutawa, sannan ta ce in zauna in yi mata gyaran rufin ɗakunan marasa lafiya, za ta kira ni. Sai da na yi wata takwas ta kira ni. Ta ce in sake ba ta labarin. Da na gama ta ce, "Wane zane 'yarka ta ɗaura ranar?"

"Rawaya."

"Ran da ka zo ka ce shuɗi. Ka ce tana zaune a gaban jirgi, yau ka ce a cinyar uwarta."

Na rantse mata ban yi ƙarya ba. Ta ce, "Na sani. Tunawa ba kamar ciro kuɗi daga tukunya ba ne. Duk sanda ka ɗauko abu, ɗanye yake komawa, sai ka mayar da shi da shatin yatsunka a jiki. Wanda ka fi ɗaukowa, shi ya fi sauyawa."

Na rufe ido na nemi fuskar Yalwa. Ta zo, amma ban ƙara sanin ko tata ce ba.

Ta kai ni wani ɗaki cike da tuluna, ta tsamo ƙwaƙwalwar mutum daga cikin zuma, ta raba ta. Can ciki, daidai saitin kunnuwa, ta nuna mini wasu 'yan abubuwa biyu a nannaɗe kamar ƙahon rago, kowanne bai fi ɗan yatsa ba.

"Ga ƙofar da wanzaminku ke nufi. Abin da ka gani yau nan yake fara sauka, kamar baƙo a zaure. In ka yi barci, ƙahonnin nan su yi ta maimaita shi suna miƙawa ciki, dare bayan dare, har ya sami ɗakinsa. Wanda ya riga ya sami ɗaki ba ruwansa da zaure, shi ya sa matarka ta san ranar aurenta. Amma duk cikin kai ba abin da ya kai su yunwar numfashi. In iska ta yanke, su ke fara mutuwa." Ta tsamo wata, ta wani mai nitso. Ƙahonninsa sun motse kamar busasshiyar kuɓewa.

"Uwata, mene ne maganinsa?"

"Shekara hamsin ina nema. Babu."

Na zauna a ƙasa ina kuka. Ta bar ni har na gama, sannan ta ce, "Taso, akwai saura."

A inuwar wata bishiya ta nuna mini Jatau, wani mai nitson lu'ulu'u da ya daɗe a ƙarƙashin ruwa kamar Larai. Shekara bakwai yana tsibirin, kullum yana zaton jiya ya zo. Yana zaune yana tufka igiya mai ƙafa huɗu, irin wadda ba a yi ko'ina sai a tsibirin. Na tambaye shi wa ya koya masa. Ya dubi hannunsa da mamaki ya ce, "Ni ban iya tufka ba, malam. Kamawa kawai na yi."

"Hannu yana da tasa ƙofar," in ji Tasalla. Zuciyata ta yi tsalle. Sai ta ce, "Tsaya tukuna. Kulu, zo nan."

Wata mai jinya, mace mai fara'a, ta matso. Jatau na ganin ta ya yar da igiya, ya ja da baya. "Wace ce wannan? Ban san ta ba, amma don Allah a ɗauke ta daga nan!"

"Wata uku ta yi tana wanke masa gyambo da ruwan gishiri, ita ta ceci ƙafarsa," in ji Tasalla. "Gyambon bai zauna a kansa ba, sunanta bai zauna ba, amma zafin ya zauna, ya manne da ita. Tsoro da baƙin ciki su ma suna da tasu ƙofar, kuma ruwa bai cika cin ta ba." Ta juyo da idonta ɗaya kaina. "Wa ke gaya wa matarka mutuwar 'yar?"

"Ni."

"Kai kaɗai? Sau nawa?"

Na tuna shekara guda cur da na yi ina faɗa mata da bakina.

"Za a iya gogewa?" na ce da ƙyar.

"Ba a gogewa. Ana iya taka sabuwar hanya a gefenta, a hankali, cikin shekaru. Amma tsohuwar tana nan a ƙasa tana jira."

Na dawo ta wata hanya tare da fatake, na shiga Dunguzai da la'asar, shekara goma sha ɗaya bayan fitata. Yaya Delu ta tare ni a zaure, ta rungume ni tana kuka. Ta rage murya ta ce, "Tun da ka tafi nake ce mata yarinya tana tsallake gidan gwaggonta, kai kuma kana bakin kogi wurin sassaƙa. Ta yi ƙiba, Shekarau. Tana dariya. Na kawar da madubi daga gidan. Ka bi a sannu."

Larai tana tsakar gida tana ɗinkin faifai, kanta ya yi furfura. Ta ɗago ta gan ni, ta gyara mayafi kamar yadda ake yi wa baƙon dattijo. Mijin da ke cikin kanta matashi ne mai baƙin gemu, ba gurgu mai tabon bulala ba. Duk abin da Tasalla ta gaya mini ya zube, bakina ya riga ni. Na ce, "Larai, ni ne."

Faifan ya faɗi. Ta dafe ƙirji, hawaye suka ɓalle mata. Ta rarrafa ta ɓuya a bayan Yaya Delu. "Yaya, mutumin nan ba alheri ya kawo ba. Ban san shi ba, amma kada ki bari ya yi magana. Don girman Allah kada ya yi magana!"

Na fita. Na kafa rumfa a tsallaken lungu, daidai ƙofar gidana, na riƙa sassaƙa akushi da muciya. Tunda muryata ce tsoron ya manne wa, na kulle bakina, ba na buɗe shi sai na haye kogi, nesa da kunnenta. Mutanen gari suka haɗa baki suna kirana Bebe. Shekara ta farko in ta leƙo ta gan ni sai ta koma. Ta biyu ta riƙa tsayawa. A ta huɗu ta soma kawo mini fura da azahar, kullum tana tambayata sunana, kullum ina nuna bakina ina girgiza kai. Sai ta zauna a kan turmi ta ce, "Ban san me ya sa ba, Baba, amma ina jin daɗin zama a nan." Ta yi ta ba ni labarin mijinta, wai duk kogin ba mai hannunsa. Ban taɓa samun abin da ya kai wannan ba tun ran da jirgi ya kife.

A daminar shekara ta biyar zazzaɓi ya kwantar da Yaya Delu. Na je ɗebo mata saiwa a bayan gari, ina dawowa ta kan tudu sai na hango Larai a mashigi. Kogi ya cika ya batse, yana tafe da bishiyoyi. Ta kwance igiyar wani kwale-kwale, ƙafarta ɗaya na ciki. Yarinya ta daɗe a gidan gwaggo, za ta je ta ɗauko ta. Ba kowa a kusa. Tsakanina da ita taku ɗari uku ne, ni kuwa gurgu.

Na buɗe baki na kwarara kira da duk abin da ke ƙirjina. "Larai!"

Ta sandare. Igiyar ta suɓuce, ruwa ya fizge jirgin, kafin ƙiftawar ido ya juya shi ya haɗiye. Ita kuwa ta zube a cikin laka tana kururuwa, tana toshe kunnuwa, ba ta san abin da take yi wa kuka ba. Mata suka sheƙo suka ɗauke ta. Ta rayu.

Washegari da azahar na zauna a rumfata, gizago a hannu, ban sari komai ba. Ta fito da ƙwaryar fura, ƙafarta ta san hanya. Ta zo tsakiyar lungu ta tsaya. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta juya ta koma, na ji muryarta daga zaure.

"Yaya, wane ne wancan tsohon? A ce masa ya tashi daga ƙofar gidanmu, kada maigida ya dawo ya same shi."

Iyakar abin da ya same ni ke nan, gwargwadon yadda ya rage a kaina. Inda na sauya ba da sanina ba, Allah Ya san daidai.